Sarkin Ruwan Argungu a Hannun Tekun Zanzibar

Bakabe, bawana, ina gaishe ka, ina kuma gaida ƙafar hagu.

Labari ya iso mini har Katsina cewa tun da muka dawo daga Zanzibar babu majalisar da ba ka zauna ba tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, kana ba da labarin yadda ka riƙe mu a teku. An ce har da rantsuwa kake cewa ba don Allah ya sa kana cikin tafiyar ba, da tuni Katsinawa sun yi zaman makoki. Wanda ya kawo mini zancen ya ce in ka zo kwatanta raƙuman ruwa har miƙewa kake yi, ka ɗaga hannu sama da hula, yara suna buɗe baki. Yaran ba su da laifi. Amma tunda ka zaɓi ka yanke shari'a babu shaidu, ga tawa shaidar a inda kowa zai karanta. In ka ga ƙarya a ciki, ka kai ni gaban Sarkin Kabi.

Zan fara da ba ka haƙƙinka, don mu ba ma cin haƙƙin bara. Kabawa mutanen ruwa ne, wannan babu gardama. Tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu aka binne tsohuwar gaba tsakaninku da Sakkwato, ake taruwa a Matan Fada, dubban masunta su faɗa ruwa da homa da gora, su fito da giwan ruwan da sai an taru ake ɗaga shi. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake tattalinsu. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba, a ce wannan gadon ya biyo ta kanka. Tun da na san ka ban taɓa ganin ka kama kifi ba sai a cikin kwanon miya, kuma ranar biki mazauninka yana ƙarƙashin rumfa, da babbar riga da lemun kwalba. Sannan Matan Fada kogi ne, ga gaɓa nan ga gaɓa can, wanda ya gaji ya rungume goransa ya jira a jawo shi. Mu abin da muka sani madatsun ruwan Jibiya da Zobe da Ajiwa, sai rijiyar tsakar gida. Shi ya sa da muka isa bakin Tekun Indiya muka yi masa sallama cikin ladabi. Kai ko kallon arziki ba ka yi masa ba.

Tun daga Darussalam aka fara. Ga Alhajin Kano mai riƙe da asusu, ga Malamin Zariya da ya biyo mu don kawai ya hana Alhajin sakewa, ga Ɗan Fulani da ya ce shi rakiya ya zo, ga ni, ga kai. Jirgin fito daga Darussalam zuwa Unguja, babban tsibirin da mu baƙi muke kira Zanzibar, tafiyar kusan awa biyu ce. Watan Yuli ne, lokacin iskar kudu da suke kira Kusi. Ita ce iskar da a zamanin da take mayar da jiragen fatake gida Oman da Indiya, bayan iskar arewa, Kaskazi, ta kawo su tsakanin Disamba da Maris. Iskar da ta saba tura jirgin katako shaƙe da kanumfari da hauren giwa har Maskat, ina za ta ji nauyin Bakabe guda? Ma'aikacin jirgi ya zo yana raba 'yan ledoji, kowa ya karɓa ya yi godiya. Kai ka ture hannunsa ka ce, “Mi za ni yi da wagga? Mu cikin ruwa anka haife mu.” Ba mu ci rabin tafiya ba ka karɓe tawa, ka karɓe ta Ɗan Fulani, hular Malamin Zariya ma da kyar ta sha. Wata tsohuwa 'yar tsibirin da ke gefenka, da kwandonta a cinya, ita ta miƙo maka ɓawon lemu ka shinshina, ta nuna maka da hannu ka daina kallon ƙasa, ka kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Maganin ke nan, don jirin teku rigima ce tsakanin ido da kunne: kunne yana jin ana jijjiga, ido yana kallon kujera yana cewa ba inda aka motsa. Tsohuwa ta sani, Sarkin Ruwa bai sani ba.

Da muka sauka aka duba katin rigakafin shawara, aka duba takardar inshorar dala 44 da gwamnatin tsibirin ta wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024. Alhajin Kano tun a gida yake ƙunƙuni a kanta, wai an sayar masa da abin da ba zai taɓa gani ba. Da ya dubi fuskarka a tashar sai ya ninke takardar da kyau ya sa a aljihun gaba, ya ce da alama za a ci moriyar kuɗin.

Tsohon garin Zanzibar ba zan daɗe a kansa ba, don a nan ƙafarka tana kan ƙasa, bakinka ya dawo. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, garin da Sayyid Sa'id na Oman ya mayar mazaunin mulkinsa a 1840. Mun tsaya gaban Baitul Aja'ib, gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a Disamban 2020. Jagora ya nuna mana inda jiragen yaƙin Ingila suka tsaya ranar 27 ga Agusta 1896 suka buɗe wa fadar Khalid ɗan Barghash wuta. Wajen minti 38 aka yi aka gama, shi ne ake kira yaƙi mafi gajarta a tarihi. Mutum kusan 500 na ɓangaren sarkin suka mutu ko suka ji rauni, don haka yaƙin ba abin dariya ba ne. Dariyar daga Malamin Zariya ta fito, da ya duba agogo ya ce wallahi Khalid ya yi ƙoƙari, a jirgi Bakabe bai kai haka ba ya miƙa wuya.

Da yamma ka ce a bar maka cinikin kwalekwalen da zai kai mu ƙananan tsibirai, wai masunci ba ya ɓoye wa masunci farashi. Ka tafi bakin ruwa, kai da Turancinka da Larabcin makarantar allo, shi da Swahili, kuka yi ta nuna wa juna yatsu. Ka dawo kana washe baki ka ce an daidaita, gobe ƙarfe biyu. Muka yi murna, za mu yi barci mu more, mu yi azahar sannan mu fita. Ƙarfe takwas na safe mai jirgi yana tsaye ƙofar masauki yana cigiyar Alhaji mai doguwar hula. Mutanen gaɓar nan daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi, don kusa suke da tsakiyar duniya, rana ba ta cika sauya musu lokacin fita ba. Bakwai ɗinmu ita ce ɗayarsu, takwas ita ce biyu. Mai jirgin ya ce ko da ba ka san wannan ba, ai masunci ya kamata ya san ba a tashi zuwa tudun yashi da biyun rana a ranar da ruwa zai rufe shi kafin magariba. Haka muka fita ba karin kumallo, Alhajin Kano yana lissafa kuɗin shayin da aka riga aka biya.

Zangon farko Changuu, tafiyar rabin awa, wanda baƙi suke kira tsibirin kurkuku. Lloyd Mathews, Baturen da ya yi wa sarkin Zanzibar waziri, shi ya sayi tsibirin a 1893 ya gina gidan yari, amma ba a taɓa rufe fursuna ko ɗaya a ciki ba, sai aka mayar da wurin sansanin keɓe masu shawara. Abin da ke kai mutane yanzu kunkuru ne, manya ƙwarai, zuriyar guda huɗu da gwamnan Seychelles ya aiko kyauta a 1919. An rubuta wa wasu shekarunsu da fenti a bayan ƙoƙo, da dama sun haura ɗari. A nan kaɗai na ga hankalinka ya kwanta, ka tsuguna kana ba wani ganye kuna kallon juna. Na gane dalili. Ka sami ɗan'uwa ne: ruwa ya kewaye shi tun haihuwa, kowa yana ce masa ɗan tsibiri, shi kuwa harkarsa ganye da inuwa.

Daga nan sai Nakupenda. Wannan wurin, Bakabe, ko kai ba za ka iya ɓata shi da ƙari ba. Tudun yashi ne fari fat a tsakiyar ruwa, ba itace, ba gini, ba ko ciyawa. In ruwa ya janye sai ya fito, in ya dawo ya shanye shi. Masu jirage su kafa rumfa da sanduna huɗu, su hura gawayi, su gasa kifi da jatan lande, su fasa kwakwa da abarba, kafin yamma su naɗe komai su tafi, gobe a sake. Azahar ta yi, ka ce kai za ka ja mu salla. Ka juya ka fuskanci gari, gabas sak, ka ɗaga hannu za ka kabbara. Mai jirgi ya taɓa kafaɗarka a hankali ya juya ka arewa. Ka fara musu, wai tun kaka da kakanni gabas ake kallo. To, a Argungu haka ne. Zanzibar kuwa kudu take da Makka, kusan a kan layi ɗaya, masallatan garin duk arewa suke kallo. Har masallacin Kizimkazi da ke kudancin tsibirin, wanda rubutun Kufi na bangonsa yake ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Mutane sun fi shekara 900 suna salla a wurin, kai ka sauka jiya da leda a hannu za ka gyara musu alƙibla. Malamin Zariya ne ya ja sallar, ka bi sahu.

Kafin nan ka tuɓe takalmanka na fata ka ajiye can gefe. Yaron jirgi ya ce ka matso da su, ka ce masa kai kana gane iyakar ruwa da ido, nan ruwa ba ya zuwa. Muna sallamewa ɗaya ya tafi. A wannan lokacin na shekara ruwan gaɓar arewa yake gangarawa, don haka ina jin yanzu yana Mombasa, ko wani a Lamu yana neman ɗan'uwansa. Ɗayan ka sa shi a jaka ka kawo gida, ban san me kake jira ba.

Sai muka haura arewa, Nungwi, inda ake sassaƙa jiragen katako a bakin ruwa. Na zauna na daɗe ina kallon masassaƙan, da gizago da igiya da ido kawai, babu zane a takarda, suna lanƙwasa katako har ya zama haƙarƙarin jirgi. Ga kuma ƙananan da suke kira ngalawa, da ake fafe su daga gungumen mangwaro a ɗaura musu fiffike biyu na katako hagu da dama don kada igiyar ruwa ta kifar da su. Kai ka zagaya ɗaya, ka ƙwanƙwasa, ka ce na Kabi ba ya buƙatar sanda, shi da kansa yake tsayawa. Masassaƙin bai ji Hausa ba, amma ya ga yadda kake tsaye da takalmin roba na aro, ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Washegari Mnemba. Tsibiri ne ɗan ƙarami daura da Matemwe, a hannun masu masauki yake, baƙo irinmu ba ya taka yashinsa, sai dai a tsaya a ruwa a leƙa murjanin da ya kewaye shi. Aka raba rigar ceto da tabarau da bututun numfashi. Ni na sa tawa, na ɗaure igiyar sama, na ɗaure ta ƙasa, na sa yaron jirgi ya sake dubawa. Ka yi ta dariya kana cewa a zo a ga Bakatsine an yi masa ɗaurin kaya. Taka kuwa ka jefar a cikin jirgi, ka yi wata kururuwa ta Kabanci, ka faɗa. Abin da ba a gaya maka ba, kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, kuma ba ya kwanciya ya jira mutum ya yi numfashi yadda Matan Fada yake yi. Igiya ta farko ta cika maka bututu, ta biyu ta tafi da tabarau, ta uku ka sha ta da bismilla. Yaron da bai fi shekara goma sha biyar ba shi ya wurgo maka tayar roba, ka rungume ta da hannu biyu, ya ja ka zuwa tsani. Ashe dai ba ka rabu da gora ba, launi kawai ya sauya. Iya ruwa fid da kai, in ji Hausawa, kai kuwa yaro ya fid da kai.

Ni a lokacin ina kwance rub da ciki a saman ruwa, rigata tana riƙe da ni, ina kallon abin da ban taɓa zaton Allah ya ajiye a ƙarƙashin ruwa ba. Kifaye masu ratsin rawaya da baƙi, shuɗɗa, masu baki irin na aku suna gwaguyar dutse har kana jin ƙarar, garke guda su juya lokaci ɗaya ba mai ba da umarni. Abu ɗaya ya ɓata mini rai, ba kai ba ne wannan karon. Jirage sun yi yawa a wurin, kowane da injinsa da hayaƙinsa, wasu baƙin suna tsayawa da ƙafa a kan murjani don a ɗauke su hoto. Murjani halitta ce mai rai, a hankali yake girma, abin da ƙafa ta karya cikin daƙiƙa sai an yi shekaru bai dawo ba. Inda wurin ya farfashe ya yi fari kowa yana gani. Ta wannan fuskar dai ka yi wa teku adalci, don ba ka daɗe a ciki ba balle ka taka wani abu.

Yanzu mu zo Paje, inda ƙafa ta samo sunanta. Mun shiga daladala, motar hayarsu, muka ratsa tsibirin zuwa gabas. Da magariba muka isa, ruwa yana dukan katangar masauki. Ka tsaya ka riƙe ƙugu ka ce Mnemba iska ce ta yi maka shigar sauri, gobe za ka nuna mana Kabanci na asali. Ka yi barcinka har hantsi, ka fito da gajeren wando da tawul a wuya. Babu teku. Yashi ne jiƙaƙƙe da 'yan kududdufai har iyakar gani, jirage suna kwance a gefensu, ruwan yana can nesa fiye da kilomita, farin layi kawai ake hangowa inda yake fashewa a kan duwatsun murjani. Ka juya ka tambayi mai masauki wa ya rufe madatsa, ko su ma suna da Goronyo ne a sama. Wanda ya ga abin da ya sami takalminsa a Nakupenda ai bai kamata ya yi wannan tambayar ba, amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Bari in koya maka, kyauta, tunda ni na tambaya aka gaya mini. Wata ne yake jan ruwan teku, rana tana taya shi. Awa shida da 'yan mintuna ruwa yana janyewa, awa shida da 'yan mintuna yana dawowa, sau biyu tsakanin yini da dare, kuma kullum yana jinkirta wajen minti 50 a kan jiya. Ranar tsayuwar wata da daren sha huɗu abin ya fi ƙarfi, bambancin cika da janyewa a gaɓar nan yakan kusa mita huɗu. Kogin Rima yana da damina da rani sau ɗaya a shekara, teku kuwa kullum sai ya yi daminarsa da raninsa sau biyu. A Nungwi da Kendwa gaɓar tana da zurfi kusa, shi ya sa ba ka lura ba. A gabas kuwa shimfiɗe take, ruwa ya ja baya kaɗan sai fili ya buɗe. Duk mai yawon tsibirai wannan jadawalin ne ubangidansa. Shi yake faɗin lokacin tashi, lokacin cin abinci, tsibirin da za a je da wanda za a haƙura da shi. Mu biyar mun zo kowa da niyyarsa, Alhaji yana son kasuwa, Malam yana son tsofaffin masallatai, Ɗan Fulani yana son inuwa, kai kana son suna, amma kowace safiya sai mun je mun tambayi wani mutum mai zane a ƙugu yaushe ruwa zai ba mu izini.

Waɗanda suka fi kowa sanin jadawalin matan ƙauyen ne. Tun 1989 suke noman ciyawar teku da suke kira mwani, irin da aka kawo daga Filifin. Su kafa turaku a cikin yashi, su ja igiyoyi, su ɗaure 'yan reshe, bayan wajen mako shida su girbe su shanya. 'Yan kasuwa su saya a fitar waje, a tace wani sinadari mai kauri da ake sa wa a man goge baki da askirim. Aikin wahala ne, a duƙe cikin ruwan gishiri da rana, kuɗin kuma ba wani abin kirki ba, ga ɗumamar ruwa tana kashe musu iri mai tsada. Da kwanan wata suke aiki, sun san ranar da gona za ta buɗe da awar da za ta rufe ba tare da sun duba waya ba. In ana neman sarautar ruwa a Paje, cikin waɗannan matan za a zaɓa.

Ɗaya daga cikinsu ce ta tare ka da ka kama hanyar bin teku inda ya gudu. Ta nuna ƙafarka, ta nuna takalmin robar da ke tata ƙafar, ta girgiza kai. Ka ce mata da Hausa ƙafar Bakabe ta taka ƙayar kifi ta taka laka, ba ta san takalmi a ruwa ba. Ka yi gaba abinka. Mun fi rabin kilomita da gaɓa muka ji ihu. Akwai wata halitta baƙa, dunƙulalliya, jikinta duk dogayen ƙayoyi, tana laɓewa cikin ramukan dutse, ni bushiyar teku nake ce mata. Ƙayarta tana shiga ta karye a ciki, ba ta ciruwa da allura yadda ta aduwa take yi. Ka taka ta da dukan nauyinka. Matan suka taru, wata ta aika yaro da gudu ya tsinko ɗanyen gwanda, aka tsaga aka ɗiga maka farin ruwansa, aka matsa lemun tsami, aka ce in an koma a jiƙa ƙafar a ruwan zafi. Suna cikin haka babbarsu ta dubi nesa ta ce a tashi, ruwa ya juyo. Kuma in ya juyo a irin wannan fili ba ya jiran gurgu.

To, jama'ar Argungu, ku saurara da kyau, don na san wannan sashen bai zo muku ba. Ni Bakatsine, ɗan rijiya da guga, ni na goya Sarkin Ruwanku a bayana, Ɗan Fulani yana riƙe da ƙafar, ruwa yana bin mu daga idon sawu zuwa gwiwa, mata suna biye da buhunan mwani a ka suna dariya. Yana bayana yana cewa in yi sauri. Ba yau muka fara ganin inda jarumtar Kabawa take tsayawa ba. Masu tarihi sun ce Kanta na Kabi kansa, da ya dawo daga yaƙin Barno, a ƙasar Katsina kibiya ta same shi. Amma shi kibiya ce, ta maza, bayan ya gama da rundunoni. Kai ƙaya ce, kuma mace ta gargaɗe ka.

Tun daga ranar ƙafar ta zama garkuwa. Muka koma gari, muka je lambun Forodhani da yamma, inda samari suke sheƙowa da gudu su yi tsalle daga kan katanga su juya a sama su faɗa ruwa. Malamin Zariya ya ce ga Kabanci ya samu, ka shiga. Ka ce ƙafa. Aka kunna fitilu, masu abinci suka jera tebura, ga urojo, wata miya mai tsami da dankali da ƙosai a ciki, ga ruwan rake da citta da lemun tsami, ga gasasshen pweza, halittar nan mai hannuwa takwas. Ka dube ta ka ja da baya, ka ce sai an binciko hukuncinta. Malam ya ce ba sai an je nesa ba, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne. Sai ka ce ai mai ciwon ƙafa ba ya cin abu mai ƙafafu da yawa. Ka koma masauki ka buɗe kilishi da yajin da ka ɓoyo a jaka. Ni na ci, Ɗan Fulani ma da ya zo rakiya ya ci. Alhajin Kano ya ci ya kuma tambayi sarin buhu.

Daren ƙarshe Alhaji ya buɗe littafin asusu, kuma a nan ake gane abota, don tafiyar abokai ba ta lalacewa a ruwa sai a wajen lissafi. Ya karanta komai, har kuɗin kwakwar da Ɗan Fulani ya ce bai sha ba, ya ɗanɗana ne kawai. Shi da Malam suka kwashe awa suna jayayya a kan canjin shilin zuwa dala zuwa naira. Da aka zo shafinka kuwa majalisa ta yi tsit: takalmin roba, tabarau na mai jirgi da teku ya tafi da shi, bandeji, gwanda, tukwicin yaron da ya jawo ka, tukwicin matan Paje. Kai kaɗai ka ci kusan abin da mu biyu muka ci, kuma yawancinsa ba ta baki ya shiga ba.

Saura hoto. Na ga wanda ka sa a Facebook, kana tsaye a goshin jirgin katako, hannu ɗaya a kan igiya, ɗaya a goshi kana hangen nesa, mutane suna ta rubuta maka kirari a ƙasa. Ni na ɗauki hoton, Bakabe. Wanda ka sa yankakke ne. Cikakken yana wayata, kuma a cikinsa jirgin yana kwance a kan yashi, ruwa ya janye, akuya tana cin wani abu a gindinsa.

Alhaji ya kira ni shekaranjiya ya ce baɗi Pemba za a je, kuma wai har ka ce a sa sunanka a farko. Pemba tana arewa da Unguja wajen kilomita 50, mashigin da ke gefenta ya fi wanda ya kayar da kai zurfi nesa ba kusa ba. Tsibiri ne mai tuddai, can ne yawancin kanumfarin Zanzibar yake fitowa, kuma akwai ɗan tsibirin Misali da masu nutso suke yabo. Ban hana ka zuwa ba, tafiya ba ta daɗi sai da abin dariya. Amma na riga na yi maka tanadi. Mutanen Pemba suna da wani wasa da suke yi da bijimi, a sake shi a fili samari su riƙa kauce masa, kuma a kan busasshiyar ƙasa ake yi, ba ruwa ko cokali. Can na ce a rubuta ka. Kafin nan ka aiko da kuɗin goyo. Ni nawa na bar maka a farashin dako na tashar Katsina, amma Ɗan Fulani ya ce shi da kilo za a lissafa masa, kuma ƙafar ma daban.